Minti biyun farko na fim ɗin ɗalibai: a bi abin da aka saba ko a saɓa masa?

Ɗalibar_Fim

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. An ba ajinmu aikin shirya mabuɗin fim na minti biyu, har da rubutun sunaye a ciki, sannan kowane rukuni ya rubuta bayanin inda ya bi ƙa'idojin nau'in fim ɗin da ya zaɓa da inda ya saɓa musu. Mu huɗu ne, mun zaɓi fim ɗin ban tsoro. Abin da ke hannunmu kyamara ɗaya ce, fitila biyu, ƙaramar na'urar ɗaukar sauti, da kwana biyu na ɗauka.

Labarin shi ne wata yarinya ita kaɗai a gida da dare, wani yana leƙenta daga waje. Biyu daga cikinmu sun ce a yi shi yadda aka saba don kada mu rasa maki. Sauran biyun sun ce kowa ya gaji da ganin wannan, a juya komai: a ɗauka da rana, a cire duhu, a sa kiɗa mai daɗi, yarinyar kuma ta zama ita ce abar tsoro. Wanne ya fi? In za a saɓa wa ƙa'ida, nawa ya kamata a saɓa wa a cikin minti biyu, kuma a daidai ina?

Malamin_Fim

Wa alaikumus salam, 'yata. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, amma na biyun ya fi kusa da rami. In kun juya lokaci, kun juya haske, kun juya kiɗa, kun kuma juya wanda ake tsoro, mai kallo ba zai ce kun ƙalubalanci fim ɗin ban tsoro ba, domin bai ma san shi yake kallo ba. Ƙa'idojin nau'i alkawari ne tsakaninku da mai kallo, kuma ba ya jin an saɓa masa sai an fara ɗaukar masa alkawarin. Steve Neale, masanin fim ɗan Birtaniya, ya bayyana wannan a littafinsa na 1980 kan nau'o'in fim, cewa kowane nau'i da maimaici da bambanci yake rayuwa, duka biyun tare. Maimaicin ke sa a gane inda aka dosa, bambancin ke hana a tashi.

Kafin gardamar me za a karya, ku fara tabbatar da me ake yi. Ku zaɓi finafinai biyar irin naku sak. Cewa "ban tsoro" kawai bai isa ba: na fatalwa daban, na makashi mai farautar mutane daban, na rikicewar hankali daban, kuma ba ƙa'ida ɗaya suke bi ba. Naku na biyun ne. Ku kalli minti biyun farko na kowanne sau uku, da sauti, babu sauti, sannan sauti kaɗai kun juya wa allo baya. Ku ja layi a takarda ku rubuta wuri da lokaci, wa aka fara nunawa kuma a sakan na nawa, ɗauka nawa aka yi, daga ina haske ke fitowa, yaushe kiɗa ya shigo, launi da salon harafin sunaye, da tambayar da aka bar ku da ita. Abin da ya fito a huɗu cikin biyar ƙa'ida ce. Abin da ya fito a ɗaya kacal ra'ayin daraktan ne, kada ku kira shi ƙa'ida a bayaninku.

Daga nan ku karya guda ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. A cikin huɗun da 'yan rukuninku suka kawo, wadda ta fi nauyi ita ce ta wanda ake tsoro, domin ita kaɗai ce ta shafi labari, sauran ukun ado ne. Amma cewa "ashe yarinyar ce muguwa" bai zama labari ba tukuna. Ga hanya ɗaya: gidan ba nata ba ne. Mutumin da ke laɓe a waje shi ne mai gidan, ya dawo ya tarar da fitila a kunne a gidan da ya bari a kulle. Duk abin da mai kallo ya ɗauka leƙen mugunta ne, ashe fargaba ce.

Rabon lokacin zai iya kasancewa haka. Sakan 15 na farko baƙin allo, sauti, da sunan kamfaninku. Daga 15 zuwa 40 gidan daga waje, ta idon mai leƙe. Daga 40 zuwa 85 yarinyar a ciki, kuna bin ƙa'ida ba tare da kunya ba: ta ji motsi, ta tsaya, ta dubi taga. Tsakanin 85 da 105 juyin ya zo, ya ciro makulli daga aljihunsa, makullin ya buɗe ƙofar. Sauran na sunan fim ne.

A cikin sakan 45 ɗin nan na tsakiya sai kun binne alama biyu, in ba haka ba juyin zai zama yaudara. Misali hotunan iyali a bango waɗanda babu ita a ko ɗaya, da kuma yadda take laluben makunnin fitila a gefen da ba nan yake ba. Mai kallo zai gani bai kula ba, sai daga baya ya tuna.

Mabuɗin Halloween na John Carpenter, na 1978, haka ya yi aiki. Dare ne, gida ne, muna gani ta idon makashin, komai na tafiya inda ake zato, sai a ƙarshe aka cire abin rufe fuska aka ga yaro ne ɗan shekara shida. Abu ɗaya aka juya, kuma sai da aka gama gina zato.

Ku tuna mabuɗi aka ce ku yi. Kada ku kashe kowa, kada ku bayyana wace ce ita ko me ya kawo ta. In labarin ya ƙare a sakan na 120, gajeren fim kuka yi, in kuma kuka tsinto guntaye daga ko'ina cikin labarin, talla kuka yi.

Mai_Kyamara

Ƙanwata, Malam ya gama da tsari, ni kan hoto zan tsaya, don nan ne ayyukan ɗalibai suka fi lalacewa. Duhun da ake gani a fim da fitila ake yin sa. In kuka kashe fitilu kuka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, zuwa 6400 don kyamara ta gani, hoton zai cika da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, launin fata ya dushe, kuma mai tacewa ba zai iya ceto shi ba. Ana haska wurin ne sosai, sannan a hana hasken zuwa inda ba a so.

Babbar fitilar ku ajiye ta a gefen fuska, digiri 60 zuwa 90 daga inda kyamara take, sama da ido kaɗan. Ta biyun kada ku ɓata ta a ɗaya gefen fuskar. Ku kai ta bayan yarinyar ta zana gefen kai da kafaɗa, in ba haka ba za ta narke cikin bango. Gefen inuwa farin kwali ya ishe shi. A barkwanci da soyayya gefen haske yakan ninka na inuwa sau biyu, a naku kuna neman kusan sau takwas, kuma da matsar da kwalin baya ake samu. Wani abu da ke taimakawa: in aka ninka nisan da ke tsakanin fitila da abu, hasken da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ku raba yarinyar da bango kamar mita biyu, fitilar na kusa da ita, bangon zai yi duhu da kansa.

Launi kuma. A ma'aunin launin haske da ake rubutawa da K, kwan fitila mai ja-ja wajen 3200K yake, hasken rana wajen 5600K. In kuka saita farin kyamara, wato hasken da za ta ɗauka a matsayin fari, a 3200, duk fitilar 5600 da kuka haska a waje za ta fito shuɗiya, abin da mai kallo ya saba karantawa a matsayin hasken wata. Ciki ɗumi, waje sanyi, wato ciki aminci, waje haɗari. Wannan ƙa'idar ku bi ta yadda take, don a labarin da Malam ya tsara ita ce za ta ruɗi mai kallo a madadinku.

Firam, wato hoto, 25 a sakan, saurin shata, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke karɓar haske, 1/50 na sakan. Inda wutar lantarki ke tafiya a 60Hz a koma 1/60, in ba haka ba fitilun gida za su riƙa ƙyaftawa a hoton. Ku kashe duk wani saiti mai sarrafa kansa, musamman mai neman kaifin hoto, don a duhu yana ta kai da komo.

Ɗaukar waje a hannu, da gilashin kyamara mai ɗauko fili da faɗi kamar 24mm, a bar reshe ko ƙarfen taga a gaban hoton, mai ɗauka ya ɗan lanƙwashe gwiwa in yana tafiya don girgizar ta yi kama da takun mutum. Ɗaukar ciki a kan mazaunin kyamara mai ƙafa uku, da 50mm, a tsaye cak, a bar fili babu kowa a bayanta, idon mai kallo zai yi ta binciken wurin.

Maganar rana ban yi watsi da ita gaba ɗaya ba. In ita kuka zaɓa a matsayin karyar guda ɗaya, tana aiki, amma fa yarinyar ta ci gaba da zama wadda ake farauta, kuma nauyin tsoron duka ya koma kan sauti da tsarin hoto. Sannan rana na tafiya digiri 15 a kowace awa, inuwar ƙarfe goma ba ita ce ta ƙarfe ɗaya ba, in aka haɗa su a fitowa ɗaya ana gani.

Lissafin kwana biyun: sakan 120, a matsakaicin sakan 4, ɗauka 30 ke nan. Kowane sauyin wurin kyamara da fitila zai ci minti 20 zuwa 30. Ku ɗauki duk abin da ke fuskantar gefe ɗaya kafin ku juya fitilu, ku rufe tagogi da baƙin yadi ku yi na ciki da rana, ku ajiye daren don na waje kawai. Ku kuma nemi izinin wurin, ku sanar da maƙwabta, domin mutum mai laɓe a gindin taga da dare abin tayar da hankali ne ga wanda bai san fim ake yi ba.

Ɗalibar_Fim

Allah ya saka da alheri, Malam, na gode Yaya. Batun makullin ya warware mana gardamar. Saura biyu. Kiɗan mai daɗi dole mu jefar da shi ke nan? Sannan ta yaya mai duba aiki zai gane da gangan muka saɓa wa ƙa'ida, kada ya ɗauka kuskure ne?

Mai_Sauti

'Yar'uwa, ba sai kun jefar da shi ba, wurin zama za ku sauya masa. Sauti iri biyu ne: wanda mutanen cikin labarin ke ji, da wanda mai kallo kaɗai ke ji. In kuka shimfiɗa kiɗa mai daɗi a saman hoto daga waje, ya ci karo da duk abin da fitila da kyamara ke faɗa. In kuwa rediyo ce yarinyar ta kunna a ɗakin, ya zama wani ɓangare na wurin, har ya ƙara nuna ta saki jiki. Amma kada ku rubuta shi a bayaninku a matsayin ƙalubale. Haɗa kiɗa mai sanyi da abin tsoro tsohuwar dabara ce a wannan nau'in, ta riga ta zama ƙa'ida ita ma.

Ga amfaninsa na zahiri. A ɗaukar waje ku yanke saman sautin kiɗan, duk abin da ya haura wajen 1000Hz, ku rage ƙarfinsa, zai fito kamar ta bayan bango ake jin sa. Da an yanka zuwa ciki ya dawo tas. Kunnen mai kallo zai riƙa sanin inda yake ko da hoton ya yi duhu. Kiɗan kuma ya zama wanda kuka yi da kanku ko wanda aka ba da lasisin amfani da shi, don waƙar wani za ta iya sa a toshe sautin aikin in an ɗora shi a intanet.

Numfashin mai leƙe ƙa'ida ce, ku bi ta, amma ku ɗauke shi daban bayan an gama, makirfo na nesa da baki kamar santimita 20 kuma a ɗan karkace don iska kada ta buge shi. Ku ce wa ɗan wasan ya yi numfashin mai jin tsoro, gajere mai sauri. Kallon farko za a ji shi a matsayin na mugu, bayan makulli ya fito ma'anarsa ta juye ba tare da kun taɓa shi ba. In ya yi gurnanin mugunta, kun yi wa mai kallo ƙarya.

Ku saita na'urar ɗaukar sauti a 48kHz, magana ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6dB a ma'aunin ƙarfin sauti. A kowane wuri, kowa ya yi shiru minti ɗaya a ɗauki sautin wurin kawai. Shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin komai, domin shirun da babu komai a cikinsa yana fitowa kamar na'ura ta lalace. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika kiɗan tsoro da ƙarfi tun sakan na farko. In an fara a sama, babu inda za a hau. Ku bar sautin wuri can ƙasa wajen -30dB don duk abin da ya taso ya sami fili. Rugugin nan mai zurfi da ake sawa, in a 40Hz yake lasifikar waya ba za ta fitar da shi ba, sai an ɗora masa wani a wajen 160 zuwa 200Hz.

A daidai juyin, inda aka saba buga sauti mai firgitarwa, ku janye komai. Rediyo ta mutu, rugugi ya tsaya, a bar ƙarar makulli a cikin kuba ita kaɗai.

Mai_Tacewa

Tambayarki ta biyu rabinta a teburin tacewa ake amsa ta, ƙanwata. Kuskure yakan faɗo ko'ina. Abin da aka yi da gangan yana zuwa ne a daidai inda labari ya juya, kuma abin da ya gabace shi a tsare yake.

Ɗauki ƙa'idar digiri 180. Ana ƙaddara layi tsakanin mutum biyu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya, don wanda ke duban dama ya ci gaba da duban dama. Ku kiyaye ta sarai har zuwa makulli: shi kullum a hagun allo, ita a dama. Da ƙofa ta buɗe ku tsallake layin, su yi musayar gefe. Sau ɗaya ne, a inda mafarauci da abin farauta suka yi musayar matsayi, don haka ba wanda zai kira shi kuskure. In kun riga kun tsallake shi sau uku a baya cikin rashin kula, na huɗun ba shi da wata ma'ana.

Tsawon ɗauka ma haka. An saba farawa da masu tsawo, sakan 6 zuwa 8, a riƙa gajartawa har su koma sakan 2 ko ƙasa. Ku bi wannan har sakan na 85, sannan a inda mai kallo ke jiran yanka mafi sauri ku ba shi ɗauka ɗaya ta sakan 10 a kan fuskarta. A nan zan ɗan ƙara a kan tsarin Malam: kada a bar ta ta yi murmushin mugunta. Lev Kuleshov, ɗan fim na Rasha, ya nuna tun wajen shekarun 1920 cewa fuska ɗaya da ba ta nuna komai, in aka haɗa ta da akwatin gawa sai a ga baƙin ciki, in aka haɗa ta da mace a kishingiɗe sai a ga sha'awa. Makulli, hoton iyali a bango, sannan fuskarta a sake. Mai kallo zai cika sauran, kuma abin da zai cika ya fi murmushin ban tsoro.

Sunaye kuwa, takwas sun isa. Kamfani a farko, 'yan wasa, masu aikin bayan kyamara, darakta a ƙarshe kamar yadda aka saba. Kowanne ya tsaya sakan 3 zuwa 4, gwargwadon a karanta shi sau biyu, salon harafi ɗaya, a bar kashi 10 cikin 100 daga kowane gefen allo. Harafi ja mai ɗigar jini ya zama abin da ake yi wa nau'in ba'a da shi, fari siriri a kan duhu ya fi muku. Kada suna ya hau kan alamun nan biyu da kuka binne, kuma daga sakan na 80 kada a sake ganin rubutu sai sunan fim.

Kafin ku miƙa, ku nemi mutum biyar da ba su san labarin ba, kowa ya kalla shi kaɗai. Ku tsayar a sakan na 30 ku tambaya wane irin fim ne. In ƙasa da huɗu suka ce na ban tsoro, ginin farko bai yi ƙarfi ba. Ku tsayar a na 80 ku tambaya wa ke cikin haɗari. In uku suka riga suka gano juyin, alamun sun yi yawa, ku rage wa ɗaya sakan guda. A ƙarshe ku tambaya gidan na wane ne. In aka kasa amsawa, ɗaukar makullin ce ba ta fito ba, a sake ta a kusa.

Malamin_Fim

Na yarda da gyaran murmushin. Sauran rabin amsar a rubutun bayani yake, 'yata. Ku raba abin da kuka yi gida uku: wanda kuka bi, wanda kuka faɗaɗa, da wanda kuka saɓa wa. Dare, gida, gani ta idon mai leƙe da launin haske, bi ne. Rediyo da numfashi mai fuska biyu, faɗaɗawa ne. Wanda ake tsoro shi kaɗai ne saɓawa, tsallake layi da janye sauti hidima suke yi masa. Kowane batu ku ambaci sakan ɗin da ya faru, ku nuna a finafinai nawa cikin biyar ɗinku aka yi akasinsa ko irinsa, ku faɗi abin da kuke so mai kallo ya zata a wannan lokacin, ku kawo amsoshin mutum biyar ɗin da suka kalla. Ku haɗa da zanen ɗauka-ɗauka da kuka yi kafin ranar aiki, da kwanan wata a kai, inda aka riga aka rubuta "a tsallake layi a nan" a gefen ɗaukar ƙofar.